Kyarkecinmu da Na Amurka: Tarihin Wani Daji da Ya Gushe

Idan ɗan makaranta a Funtuwa ya ji kalmar kyarkeci a yau, dabbar ƙasashen ƙanƙara ce ke faɗo masa a rai. Alhali asalin sunan na karen dajin Afirka ne, mai dabbare-dabbaren jiki da faffaɗan kunne, wanda ke farauta a garke. Ya ɓace daga ƙasar Hausa, sunansa ya koma kan baƙo. Wannan ne ya sa nake kallon muhawarar Amurkawa kan kyarkecinsu a matsayin madubin tarihinmu.

A gandun dajin Yellowstone, hukuma ta kashe kyarketai har suka ƙare wajen 1926. Sai wata babbar barewa mai ƙaho da rassa, wadda suke kira elk, ta yawaita tana cinye tsiron itatuwan bakin rafi. A 1995 da 1996 aka kawo kyarketai 31 daga Kanada aka saka. Garken barewar da ke arewacin gandun, wanda ya kai kimanin 19,000, ya koma kusan 4,000 cikin shekara ashirin. Masu goyon baya suka ce daji ya farfaɗo. Wasu masana suka ce fari da sauran namun daji masu farauta da bindigar mafarauta duk suna da hannu. Makiyaya kuwa suka koka da asarar dabbobinsu.

Tamu ƙissar ta bi wata hanya dabam. Tsofaffin Malumfashi da Bakori suna ba da labarin zamanin da kura ke shiga unguwa da dare, ake kuma kwana a gona ana korar biri da gadu. Mafarauci bai gama da waɗannan dabbobi ba, auduga ce ta gama da su. Jirgin ƙasa ya iso Funtuwa daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920, kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, haraji kuma ya tilasta wa talaka noman abin sayarwa. Daga 1975, shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa ya kawo taki da irin masara da hanyoyin karkara. Gona ta haɗe da gona, saura ta ƙare, burtali ya ƙuntata. Mai ci da abin ci suka gushe tare.

A nan bambancin yake. Amurkawa sun kashe dabbar amma sun bar mata gidanta, shi ya sa ta sami inda za ta koma. Mu gidan muka nome. Abin da ya rage kusa da mu, dajin Kogo ta wajen Faskari da Kamuku na Birnin Gwari, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, ya zama maɓoyar 'yan bindiga. Zaki kuwa a duk Nijeriya sai 'yan ƙalilan a Yankari da Kainji.

Ba na zargin kakanninmu. Wanda kura ta ɗauke wa akuya ɗaya tilo ba ya bukatar wa'azin kare namun daji. Ko a Yellowstone sai da aka kafa asusun diyyar makiyaya tun 1987, kafin a saki kyarkeci ko ɗaya. Sai dai binciken Justin Brashares a Gana ya nuna cewa raguwar zaki da damisa ta sa gwaggon biri ya yawaita yana ɓarna a gonaki. Rashin mafarauci ma yana da kuɗinsa, manomi ne ke biya.

Saboda haka tambayarmu ba ta dawo da kyarkeci ba ce tukuna. Ita ce ko za mu ƙwato Kogo da Kamuku, mu shata iyakarsu tare da manomi da makiyayi, kafin kura ma ta zama sunan da yara ke ji a tatsuniya kaɗai.