Muzakki da Muhuti: Mutum Biyu da Ke Bayan Alƙali

Idan ana maganar shari'a a ƙasar Hausa, alƙali ake gani. Shi ake yabo in hukunci ya yi daɗi, shi ake zargi in ya yi ɗaci. Amma alƙali bai ga ranar da aka ci iyakar gona ba, ba ya kuma wurin lokacin da aka ƙirga kuɗin bashi. Abin da yake isowa gabansa magana ce, maganar nan kuwa tana bi ta hannun wasu mutum biyu da ba a cika ambatonsu ba. Na farko shi ne muzakki, wanda yake bincikar halin mai ba da shaida kafin a karɓi bakinsa. Na biyu shi ne muhuti, malamin kotu, wanda yake rubuta abin da aka faɗa, aikin da a kotunan yau ya koma hannun rijistara da akawu. Ra'ayina shi ne tsarin da muka gada daga daular Sakkwato ya ƙarfafa na farko ya bar na biyu da rauni, tsarin da Turawa suka kawo ya ɗaga na biyu ya bar na farko yana ta dusashewa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai iya yin aikin ɗan'uwansa. Tarihin Wurno da Rabah ya isa ya nuna haka.

Kada a zaci rashin kundin shari'a a zamanin daula rashin iya rubutu ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, a can ya yi zamansa na ƙarshe, a can kuma kabarinsa yake, kuma littattafan da ya wallafa sun fi a lissafa su a nan. Baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam domin sarakuna da alƙalai. Wasiƙu masu hatimi suna kai da komo tsakanin Sakkwato da Wurno da sauran masarautu. Waɗanda Turawa suka tarar a gidan Waziri Buhari a 1903 sun isa har H. F. Backwell ya fassara su ya fitar da littafi a 1927. Alƙur'ani kansa, a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, ya yi umarni a rubuta bashi. Duk da haka malaman Malikiyya ba su yarda takarda ta tsaya da ƙafarta a gaban alƙali ba, sai an sami adalai sun shaida cewa rubutun na wane ne, ko sun halarci rubuta shi. Dalilinsu a fili yake: rubutu yana kama da rubutu, kuma ba a iya sa takarda ta yi rantsuwa ko a yi mata tambaya ta rikice. Saboda haka suka ɗora nauyin hujja a kan mutum, suka kuma gina ilimi mai zurfi na auna mutumin, wanda Muktasar na Halil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, suka tsara shi daki-daki. Har gobe Tuhfa tana kan teburin alƙalan Arewa.

Yana da kyau a dubi yadda abin yake aiki a kusa. A ɗauki rikicin da ya fi kowanne yawa a fadamar Rima: manoma biyu na tafarnuwa ko albasa, ambaliya ta wuce ta share kunya ta tuge gambar da aka dasa a matsayin iyaka, kowa ya ce nan gonar ubansa ta tsaya. Mai ƙara ya kawo dattawa biyu. Alƙali ba ya karɓar maganarsu don furfurarsu. In bai san su ba, sai ya nemi tazkiyya, iri biyu: ta sarari, inda adalai biyu za su tsaya su ce wannan mutum adali ne yardajje, da ta ɓoye, inda alƙali zai aiki amintaccensa unguwar shaidan da kasuwar da yake ci ya tambayo maƙwabta da abokan ciniki. Muzakki kuma ba kowa ba ne. Sai wanda ya daɗe yana cuɗanya da mutumin, wanda kuma ba a ruɗa shi da dogon carbi. Bayan haka sai a juya ga wanda ake ƙara a ba shi damar tajrihi, ya ce wannan surukin mai ƙara ne, ko akwai gaba tsakanina da shi tun rabon gado, ko shi ne zai karɓi aron gonar in aka ci nasara. Kafin yanke hukunci kuma dole a yi i'izari, a tambaye shi a gaban shaidu ko yana da sauran magana. Wanda ya lura zai ga cewa binciken gaba ɗaya ba a kan gonar yake ba, a kan bakin da yake maganar gonar yake. Wannan hikima ce ta mutanen da suka san cewa a garin da kowa ya san kowa, abin da ya fi wuyar ɓoyewa shi ne hali.

Raunin tsarin shi ne ba ya barin sawu. Ana ɗaukaka ƙara a zamanin daula, zuwa ga sarki ko babban alƙali ko Sarkin Musulmi, amma wanda aka kai wa ƙarar yakan sake sauraron mutane ne, ba ya karanta abin da ya gudana. In shaidun sun rasu, ko sun yi ƙaura, ko an lallashe su, to gaskiyar ta tafi tare da su. Bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, dokokin kotunan gargajiya na Lugard, musamman ta 1906, suka wajabta wa alƙalai ajiye littafi, wanda Rasdan ko Di'o zai iya dubawa. Manufarsu sa ido ce a kan alƙalai, ba tausayin talaka ba. Amma abin da aka shuka don wata manufa yakan yi 'ya'ya ga wani. Daga irin waɗannan littattafai ne Allan Christelow ya fitar da shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, inda ake jin muryar talakawa da mata da bayi waɗanda in ba don alƙalamin muhuti ba da babu wanda zai san sun taɓa kai kuka. Gyaran da Gwamna Cameron ya yi a 1933 kuma ya buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara daga kotunan sarakuna zuwa Babbar Kotu.

Ɗan Rabah ne ya shiga ta wannan ƙofa a shari'ar da ta fi kowacce suna. Ahmadu Bello, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ya zama hakimin Rabah a 1934. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, aka naɗa Abubakar na Uku, shi kuma aka ba shi Sardauna aka tura shi Gusau. A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu a Zariya, aka soke hukuncin. Jangali kuwa wuri ne da baki da takarda suka saba saɓawa. Malami ya ƙirga shanu a ruga, ya karɓi kuɗi, ya yanka rasit; rasit ɗin yana nuna abin da aka rubuta ne kawai, Bafillatani kuma yana iya rantsewa ya ba da fiye da haka, ko dai don gaskiya ne ko don an sa shi. Ba sai an tuhumi niyyar kowa ba kafin a ga matsalar: wanda ake ƙara ya yi takarar gadon sarauta da mai kotun shekara biyar kafin nan, kuma duk wanda zai tantance shaidu a wannan zaure yana ƙarƙashin inuwar fada ne. Tazkiyya tana aiki ne idan muzakki ba ya tsoron kowa kuma ba ya fatan komai. Inda wannan sharaɗi ya karye, abin da ya rage wa wanda ake ƙara shi ne wani ido na daban, a wani gari, ya dubi shari'ar. Amfanin rubutu ke nan. Ba wai ya fi baki gaskiya ba ne. Yana dai ba da damar a sake dubawa.

Shari'ar Safiya Husaini ta Tungar Tudu ta nuna haka ta wata fuska. Babbar kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jefewa a watan Oktoba na 2001, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Sakkwato ta sallame ta a ranar 25 ga Maris, 2002. Duniya ta ɗauka matsin lambar ƙasashen waje ne ya cece ta, amma hujjojin da alƙalan suka kafa daga cikin fiƙihu da kundin shari'ar suka fito: ba a fayyace rana da wurin da aka ce an yi laifin ba, dokar da aka hukunta ta da ita ba ta fara aiki ba a lokacin da ake zargin abin ya faru, kuma ta janye iƙirarinta. Wato abin da akawu ya rubuta, da gurbin da ya bari babu komai, su suka yi magana. Ba a banza ba kotunan sama suke rushe hukunci saboda kundi bai nuna an yi i'izari ba, ko da alƙali ya rantse ya yi. Ana iya ganin wannan a matsayin tsanani, ni kuwa ina ganin shi ne kaɗai abin da ke sa alƙalin ƙauye ya san akwai mai karanta shi.

To, in rubutu yana da wannan daraja, me ya sa za a damu da muzakki? Masu suka suna cewa tazkiyya hanya ce ta fifita masu rawani a kan masu gatari, domin wanda yake da masu tsaya masa shi ne adali, baƙo da makiyayi da ɗan ci-rani kuwa ba su da mai cewa ya san su. Suna ƙarawa da batun shaidar mace, wadda a harkar dukiya sai biyu suke tsayawa matsayin namiji ɗaya. Sukar farko tana da ƙarfi, ba na kuma musun cewa an sha cutar da marasa galihu ta wannan hanya. Sai dai a dubi abin da ya maye gurbin. A harabar kotuna da yawa a yau an san masu shaidar haya, waɗanda za a koya wa magana a gindin bishiya su shiga su dafa littafi. Kotun da ba ta tambayar waye wannan mutum ba ta kawar da son kai ba, ta dai bar shi ga wanda ya fi iya biya. Akawu zai rubuta ƙaryar da kyakkyawan hannu, kotun sama ta karanta ta tsaf ba ta ga aibi ba, domin kundi yana kama kuskuren tsari ne, ba ya kama maƙaryaci. Gyaran tazkiyya shi ne a faɗaɗa waɗanda ake tambaya, a haɗa da arɗo da sarkin kasuwa da matan unguwa, a kuma rubuta wanda ya yi tazkiyyar da dalilinsa don a iya tuhumarsa gobe.

Wata sukar kuma ta zamani ce: ga waya a aljihun kowa, tana ɗaukar murya da hoto, gani kuwa ya kori ji. Wannan tsohon buri ne na marubuta labaran wasu duniyoyi, irin fagen da Umaru Dembo ya shigo da Hausa cikinsa da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Ba'amurke Robert Heinlein, a littafinsa Stranger in a Strange Land na 1961, ya ƙago wata sana'a ta shaidu masu farar riga, waɗanda aka horar su riƙe duk abin da suka gani su faɗe shi ba ƙari ba hasashe. Amma ko a cikin ƙagen, darajar shaidan tana zuwa ne daga horon da aka san an yi masa da rigar da ke nuna an tantance shi. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ma, a sashe na 84, ba ta karɓar abin da ya fito daga kwamfuta sai da takardar wani mutum mai alhaki da zai bayyana na'urar ya tabbatar tana aiki daidai. Tazkiyya ce aka yi wa na'ura, kuma mutum ne ya sa hannu. Yanzu da ake iya ƙirƙirar muryar mutum da fuskarsa, tsohuwar shakkar malamai game da takarda ta dawo da ƙarfinta.

Inda maganar ta fi zafi a gabashin Sakkwato shi ne inda babu muzakki babu muhuti. Tun harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a watan Yuli na 2018, da na kasuwar Goronyo a Oktoba na 2021, kalmar infoma ta zama hukunci da kanta. A ce an ga wane yana sayen burodi da fetur da yawa, ko an ji shi yana waya da dare, sai 'yan sa-kai su ɗauke shi. Wataƙila mai laifi ne. Masu kai wa 'yan bindiga rahoto suna nan, kuma sun jawo asarar rayuka. Amma babu wanda ya tambayi ko mai zargin yana bin sa bashi, ko sun taɓa neman mace ɗaya, ko gonarsu ta haɗa iyaka, tambayoyin da ɗalibin Tuhfa na shekarar farko ya san dole a yi. Babu kuma layi ɗaya da aka rubuta wanda danginsa ko wata kotu za su iya nema daga baya. A ɗaya gefen, mutumin kirki da ya ga abu da idonsa ba zai tsaya a sarari ba, don ya san daren da zai biyo baya. Fiƙihu yana da abin da zai bayar a nan, domin tazkiyyar ɓoye tun asali an yi ta ne don mai magana ya faɗi gaskiya ba tare da an san shi ba. Kwamitocin tsaro na gundumomi irin Gandi da Achida suna iya ɗaukar wannan tsari: amintattu biyu da ba su da alaƙa da juna su bincika kowane zargi daban-daban, malami ya rubuta ranar da abin da aka ce an gani, a karanta wa wanda ake zargi cikin Hausa ko Fulatanci ya ba da amsa, sannan a miƙa shi ga hukuma tare da takardar.