Hatimi da tsohuwar gardama: gano lamba ake yi ko ƙirƙiro ta?

Mai karatu, in ka shiga mota a Kwangila, Zariya, ka ga laya rataye a madubin direba, mai yiwuwa hatimi ne a ciki: gidaje tara, lambobi 1 zuwa 9, kowane layi a tsaye, a kwance ko a karkace ya tashi 15.

Wani malamin Katsina, Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a kan wannan fanni a 1732, mai suna Bahjat al-Afaq, inda ya yi bayanin yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, irin su 3 da 5 da 7 a kowane gefe. Ya rasu a Alƙahira a 1741. A wurinsa lamba tana da sirri, tana haɗe da haruffan abajada da taurari. Ra'ayin ya girme shi nesa ba kusa ba. Mabiyan Fitagoras a Girka sun ce lamba ce tushen komai. Aflatun ya ce lambobi na nan da kansu, ko da mutum ko babu. Ɗalibinsa Aristo ya ƙi yarda, ya ce hankali ne ke zaro "uku" daga awaki uku ko duwatsu uku. Ikhwanus Safa na Basra, a ƙarni na 10, sun bi sahun Fitagoras, har suka saka hatimai a rubuce-rubucensu.

A farkon ƙarni na 20, David Hilbert na Jamus ya so a ɗauki lissafi a matsayin alamomi da dokokin sarrafa su, sannan a tabbatar babu tufka da warwara a ciki. A 1931 Kurt Gödel ya nuna cewa duk irin wannan tsari, muddin ya ƙunshi lissafin lambobi kuma bai saɓa wa kansa ba, akwai maganar da ba zai iya tabbatarwa ko ƙaryatawa ba. Shi Gödel ɗin kuwa ra'ayin Aflatun ya riƙe.

To, gwada da kanka. Jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, layuka uku ne, don haka kowanne 15. Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kuma sau huɗu. Ke nan rarar 15 ɗin ninki uku ne na lambar tsakiya, dole ta zama 5.

Masanin lissafi na yau ba ya danganta hatimi da taurari ko kariya, hujja kawai yake nema. Amma wannan "dole" ɗin fa? Babu sarkin da ya kafa ta, babu mai iya soke ta. A nan ne gardamar Aflatun da Aristo take har gobe.