Tarihin Ma'aunan Gano Tozo Biyu a Alƙaluma

Idan aka zana alƙaluman abin da aka auna, galibi zanen yakan tashi ya yi tozo ɗaya a tsakiya. Wani lokaci kuwa sai a ga tozo biyu, alamar cewa wataƙila iri biyu ne suka cakuɗe. Ido kaɗai ba abin dogaro ba ne, domin sauya faɗin sandunan zanen kan fito da tozo ko ya shafe shi. Shi ya sa masana ƙididdiga suka daɗe suna neman ma'auni.

Tushen aikin yana wajen Karl Pearson na Ingila, a 1894. Abokin aikinsa Weldon ya auna ƙaguwa 1,000 daga gaɓar Napoli a Italiya, sai ya ga zanen ya karkace. Pearson ya raba alƙaluman gida biyu ta hanyar warware lissafi mai daraja tara, da hannu, ba kwamfuta. Abin lura shi ne, zanen ƙaguwar tozo ɗaya gare shi, amma lissafi ya nuna rukuni biyu na iya ɓuya a ƙarƙashinsa.

A 1970 Darlington ya ce ma'aunin kurtosis, wanda ke duba kaurin gefunan zanen, shi ne ke nuna tozo biyu. Shekara guda bayan haka Hildebrand ya kawo misalan da suka karya wannan magana. Duk da haka ma'aunin Sarle, wanda manhajar SAS ta yaɗa, a kan kurtosis da karkata aka gina shi: idan ya haura 5/9 sai a zargi tozo biyu. Yana da sauƙin lissafi, sai dai karkata mai tsanani kan yaudare shi.

Silverman ya zo da wata dabara a 1981, wato a duba yawan sulɓin da za a yi wa zanen kafin tozo na biyu ya ɓace. A 1985 John da Pamela Hartigan suka fito da gwajin da ke auna nisan alƙaluma daga rabo mai tozo ɗaya mafi kusa da su. Masana taurari Ashman, Bird da Zepf kuma, a 1994, suka auna tazarar rukunan biyu gwargwadon faɗinsu, inda ake son ta wuce 2.

Kowane ɗayansu tambayarsa daban. Ga mai son sanin ko tozo ya wuce ɗaya, gwajin Hartigan ya fi ma'aunin Sarle aminci. Mai neman rukunan da suka cakuɗe kuwa, hanyar Pearson zai bi.