Hadarin Da Kwamfuta Ta Daɗe Ba Ta Gani

A shekarar 1922 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya wallafa littafi yana mai cewa ana iya gano yanayin gobe da alƙalami da takarda. Dabararsa ita ce a rarraba sararin sama gida-gida kamar guraben dara, a auna zafi da gudun iska da matsinta a kowane gida, sannan a lissafa yadda kowanne ke taɓa maƙwabcinsa. Ya gwada a kan tsakiyar Turai da gidaje masu faɗin kusan kilomita 200, ya ɗauki ranar 20 ga Mayun 1910. Lissafin ya ce matsin iska zai hau da milibar 145 cikin sa'o'i shida, alhali a zahiri da ƙyar ya motsa.

Sai a 1950 Jule Charney da abokan aikinsa a Amurka suka ɗora wannan aiki a kan kwamfutar ENIAC. Gidajensu sun haura kilomita 700, kuma hasashen yini guda ya ci kusan yini guda ana lissafa shi. Lokacin da kwamitin IPCC ya fitar da rahotonsa na farko kan sauyin yanayi a 1990, gidajen sun sauko zuwa wajen kilomita 500. Wato Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram duk za su iya shiga gida ɗaya, a ba su adadin ruwan sama iri ɗaya. Jinkirin yana da dalili: duk lokacin da aka rage faɗin gida da rabi, gidajen sukan ninka huɗu, dole kuma a gajarta tazarar lokacin lissafi, sai aikin ya ninka kusan takwas.

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawan ruwan Sahel ba yayyafi ke kawo shi ba. Manyan hadura ne masu haɗuwa su yi jeri, galibi da yamma, sau da yawa a kusa da tsaunuka irin na Jos da Azbin da Darfur, su nufi yamma da iska da tsawa, su kwarara ruwa cikin dare. Ginshiƙin iskar da ke hawa ya haifi irin wannan hadari bai wuce 'yan kilomita ba. Gida mai kilomita 100 ba zai gan shi ba, don haka masana suka riƙa cike gurbin da ƙiyasi. Abin da ya biyo baya shi ne damina ta bogi: ruwa kaɗan-kaɗan kusan kullum, yana sauka da tsakar rana. Manomin da ya san daminarsa da ya gani zai ce wannan ba garinsu ba ne.

Canji ya zo a ƙarshen shekarun 2010, sa'ad da hukumar yanayi ta Birtaniya ta gudanar da lissafin CP4-Africa a kan nahiyar baki ɗaya da gidaje masu kilomita 4.5, inda hadari ke haɗuwa da kansa cikin lissafin. Binciken da Elizabeth Kendon ta jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya nuna cewa zuwa ƙarshen ƙarnin nan mamakon ruwa zai fi tsanani fiye da yadda lissafi mai gidajen kilomita 25 ya nuna, kuma a yammacin Afirka ɗaukewar ruwa a tsakiyar damina za ta ƙara tsawo. A ganina wannan ya fi jimillar ruwan shekara muhimmanci ga mai gina magudanar ruwa da mai shuka gero, domin ambaliya da ƙonewar shuka na iya ɓuya a cikin matsakaici ɗaya.

Sai dai tsadar aikin ta sa shekara goma kawai aka lissafa ta yanzu da goma ta nan gaba, a kan hasashe ɗaya na hayaƙin masana'antu. Akwai kuma darasin Richardson. Da masanin yanayi Peter Lynch ya maimaita lissafin 1910, ya gano cewa ba girman gidaje ne ya kayar da shi ba, rashin daidaiton awon da ya fara da shi ne. Da aka tace awon, amsar ta fito daidai gwargwado. Har yau Afirka na cikin yankunan da suka fi ƙarancin tashoshin awon yanayi, kuma da awonsu ne ake gwada ko lissafin kilomita 4.5 ya faɗi gaskiya.