Rufe Sansani da Komawa Gida: Nazari a kan Sauya Akalar Agaji zuwa Aikin Raya Ƙasa a Jihar Borno

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin matakin da gwamnatin Jihar Borno ta ɗauka daga shekarar 2021 na rufe sansanonin 'yan gudun hijira da ke Maiduguri, da taƙaddamar da matakin ya haifar tsakaninta da ƙungiyoyin agaji. An dogara da rahotannin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, da na ƙungiyoyin agaji da na kare haƙƙin ɗan Adam, aka kuma auna su da ƙa'idojin ƙasa da ƙasa kan samar wa 'yan gudun hijira mafita mai ɗorewa. Binciken ya gano cewa mafi yawan waɗanda aka mayar sun tsaya ne a hedikwatocin ƙananan hukumomi, inda fita gona ke da haɗari. Maƙalar ta nuna cewa samun damar noma cikin aminci shi ne ma'aunin da ya dace a bi kafin a janye tallafin abinci.

Fitilun kalmomi: gudun hijira, agajin jinƙai, sake tsugunarwa, Borno, Tafkin Cadi

1.0 Gabatarwa

Rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri a watan Yulin 2009, amma gudun hijira mafi girma ya auku ne a shekarun 2014 da 2015, lokacin da mayaƙan suka kame Gwoza da Bama da Baga da wasu garuruwa. Ƙididdigar hukumar kula da ƙaura ta IOM ta sha nuna cewa fiye da mutum miliyan biyu ne suka rasa matsuguni a arewa maso gabas, mafi yawansu a Borno. Wasu dubbai sun tsallaka iyaka zuwa Minawao a Kamaru, da yankin Diffa a Nijar, da Baga Sola a Cadi. Rahoton hukumar raya ƙasashe ta UNDP na 2021 ya ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya yi sanadin mutuwar kusan mutum 350,000, kuma kimanin kashi ɗaya cikin goma ne kawai suka mutu ta hanyar makami. Sauran kuwa, yunwa da cuta da rashin magani ne suka kashe su, akasarinsu yara ƙanana.

Wannan adadi ya nuna cewa babbar ɓarnar yaƙin ita ce rusa hanyoyin cin abinci. Don haka tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: yaushe ne za a ce mutum ya daina zama ɗan gudun hijira, har a ɗauke masa tallafin abinci a koma aikin raya ƙasa?

2.0 Dabarun Bincike da Ma'aunin Nazari

Bincike ne na bitar rubuce-rubuce, wanda ya taƙaita ga Jihar Borno daga 2014 zuwa 2025. An ɗora nazarin a kan ma'aunai guda biyu. Na farko shi ne Yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a 2009, Nijeriya kuma ta tabbatar da ita a 2012. Yarjejeniyar ta wajabta cewa komawa gida ta kasance bisa son rai, cikin aminci da mutunci, tare da tuntuɓar waɗanda abin ya shafa. Na biyu shi ne tsarin 2010 na kwamitin haɗin gwiwar hukumomin agaji na duniya, wanda ya zayyana mafita uku: komawa garin asali, ko zama dindindin a inda aka samu mafaka, ko tsugunarwa a wani wuri dabam. A wannan tsari, ana cewa an samu mafita ne idan mutum ya daina buƙatar taimako na musamman saboda gudun hijirarsa.

3.0 Yadda Aikin Agaji ya Kafu

Da jama'a suka kwararo Maiduguri, an sauke su a makarantu da gine-ginen gwamnati da rukunin gidajen da ba a kammala ba. Daga nan aka samu sansanoni irin su Bakassi da Dalori da Teachers' Village da na hanyar Gubio, a ƙarƙashin kulawar hukumomin agajin gaggawa na NEMA da SEMA. Sai dai mafi yawan 'yan gudun hijira ba su taɓa zama a sansani ba. 'Yan'uwa da abokan arziki ne suka sauke su a unguwanni, kuma wannan zumunci ya ɗauki nauyin da ya fi na kowace ƙungiya.

Agajin ƙasashen waje ya bunƙasa ne bayan watan Yunin 2016, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga Bama ta tarar da kimanin mutum 24,000 a harabar asibiti cikin matsananciyar yunwa, ta kuma ƙirga kaburbura fiye da 1,200 a kusa da wurin. Taron masu ba da agaji da aka yi a Oslo a watan Fabrairun 2017 ya jawo alkawuran kuɗi, aka kuma kauce wa bala'in yunwar da aka yi fargaba.

Tun daga farko, dangantakar masu agaji da hukumomi ba ta yi armashi ba. A watan Janairun 2017 jirgin yaƙin Nijeriya ya jefa bam bisa kuskure a kan 'yan gudun hijira a Rann. A 2018 mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, suka kashe ungozomomi biyu masu aiki da ƙungiyar agaji ta ICRC. A watan Satumban 2019 kuma sojoji suka rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps na wasu makonni bisa zargin taimaka wa 'yan ta'adda. Sakamakon haka, agaji ya taƙaita ga garuruwan da sojoji ke riƙe da su.

4.0 Rufe Sansanoni: Hujjojin Ɓangarori Biyu

A watan Oktoban 2021 Gwamna Babagana Umara Zulum ya sanar da cewa za a rufe sansanonin gwamnati da ke Maiduguri kafin ƙarshen shekara. Hujjojin gwamnati suna da nauyi. Zaman sansani ya kai shekara bakwai, an haifi yaran da ba su san gona ba, kuɗin masu bayarwa yana raguwa, sansanonin kansu kuma ba su da aminci ga mata. Tun a 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara bayanan mata da 'yan mata da suka ce jami'an tsaro da masu kula da sansani sun ci zarafinsu. Gwamnati ta kuma ga cewa barin ƙauyuka ba kowa tamkar sallama su ne ga mayaƙa.

A ɗaya ɓangaren, rahoton Human Rights Watch na watan Nuwamban 2022 ya ce rufe sansanoni takwas tsakanin Mayun 2021 da Agustan 2022 ya shafi fiye da mutum 140,000. Rahoton ya ce ba a tuntuɓi mutanen yadda ya kamata ba, kuma kuɗin sallamar da aka ba su, tsakanin Naira 50,000 zuwa 100,000, bai kai su ko'ina ba. Ya kuma ambaci umarnin gwamnatin jihar na watan Disamban 2021 da ya hana ƙungiyoyi raba abinci a garuruwan da aka sake tsugunar da jama'a, da nufin a koya musu dogaro da kai.

5.0 Sakamakon Bincike

5.1 Komawa hedikwata maimakon ƙauye

Tun 2019 sojoji suka tattara dakarunsu a manyan barikoki, suka janye daga ƙananan wuraren tsaro na karkara. Garuruwa irin su Bama da Dikwa da Monguno da Ngala da Pulka suna kewaye da ramin tsaro, ana shiga da fita ta ƙofa, a kan lokaci. Manomin da aka ɗauko daga Bakassi aka kai Monguno ya kusanci ƙauyensu, amma bai isa gonarsa ba. Da yawa sun sake shiga sansanonin da ke waɗannan garuruwa, waɗanda dama sun cika maƙil. Wasu kuma sun ƙi tafiya, suka kafa bukkoki a gefen Maiduguri, inda sunansu ya fita daga rajistar agaji.

5.2 Noma a bayan ramin tsaro

Filin da za a iya nomawa cikin aminci bai wuce 'yan kilomitoci daga rami ba, kuma masu asalin garin suna da haƙƙi a kansa. Wanda ya wuce wannan iyaka yakan biya mayaƙa haraji, ko ya yi kasada da ransa. A watan Nuwamban 2020 an kashe manoman shinkafa na Zabarmari a gonakin Koshobe, aka binne aƙalla 43 a rana guda. A watan Janairun 2025 an kashe aƙalla manoma 40 a Dumba kusa da Baga. Mata masu zuwa itace su ma ana sace su. Haka nan matakan tsaro, kamar taƙaita safarar takin zamani da hana cinikin kifin Tafkin Cadi na tsawon shekaru, sun karya sana'o'in da suka riƙe yankin. Don haka abin da ake kira zaman jiran tallafi, a mafi yawan lokuta, rashin fili ne ya haifar da shi.

5.3 Gini ba tare da sana'a ba

Ayyukan raya ƙasa sun fi karkata ga abin da ido ke gani. Hukumar Raya Arewa maso Gabas, wadda dokar 2017 ta kafa, da gwamnatin jiha sun gina dubban gidaje. A watan Oktoban 2022 aka buɗe ƙauyen Ngarannam da ke ƙaramar hukumar Mafa, wanda aka sake ginawa da tallafin UNDP, da makaranta da kasuwa da ofishin 'yan sanda. Aiki ne mai kyau, amma tsadarsa ta sa da wuya a maimaita shi a ɗaruruwan ƙauyuka. Makaranta kuwa sai da malamin da ya yarda ya kwana a garin.

5.4 Raunin dogaro da kuɗin waje

Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumban 2024 ta sa aka sake buɗe wasu sansanonin da aka rufe, ciki har da Bakassi. Bayan Amurka ta zaftare tallafinta a 2025, Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗi a watan Yuli cewa za ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas. Wannan ya tabbatar da fargabar gwamnati cewa agaji ba zai dawwama ba, ya kuma nuna cewa ba a tanadi abin da zai maye gurbinsa ba.

6.0 Shawarwari

Na farko, a ɗaure janye tallafin abinci da girbi: kada a cire iyali daga rajista sai ya samu fili ya kuma girbe amfanin damina aƙalla sau ɗaya. Na biyu, a amince da zama dindindin a Maiduguri a matsayin mafita ta halal, a ba masu son haka filin zama da jarin sana'a. Na uku, a sa lawanai da bulamai da wakilan mata cikin yanke shawarar lokacin komawa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na huɗu, a shigar da batun filayen noma cikin tsarin tsaro, ta hanyar faɗaɗa sintiri da share nakiyoyin da aka binne. Na biyar, a tabbatar da aiwatar da Yarjejeniyar Kampala a matsayin cikakkiyar dokar ƙasa, domin ɗan gudun hijira ya samu abin kafa hujja a gaban kotu.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gwamnati ta yi daidai da ta ce sansani ba wurin zama na har abada ba ne, ƙungiyoyin agaji kuma sun yi daidai da suka ce an yi gaggawa. Kuskuren da aka yi shi ne auna nasara da yawan sansanonin da aka rufe da gidajen da aka gina. Ma'aunin da ya fi dacewa da al'ummar manoma da masunta da makiyaya shi ne yawan iyalan da ke ci daga guminsu ba tare da sun sa ransu a haɗari ba. Ana buƙatar ƙarin bincike na gani da ido a garuruwan da aka mayar da jama'a, musamman kan rabon filaye tsakanin 'yan gari da waɗanda aka kawo, domin a nan ne saɓani na gaba zai iya tasowa.