Marowacin Landan da 'Ya'yan Talakawa: Tarihin Labarin Kirsimeti na Charles Dickens

A cikin littattafan da aka wallafa a Ingila a ƙarni na 19, kaɗan ne suka yi tsawon rai kamar ɗan ƙaramin littafin da Charles Dickens ya fitar ranar 19 ga Disamba, 1843, mai suna A Christmas Carol, wato waƙar Kirsimeti. Tun daga wannan shekara ba a taɓa daina buga shi ba, an fassara shi zuwa harsuna da dama, an kuma mayar da shi wasan kwaikwayo na dandamali da na rediyo da fina-finai. A yau mutane da yawa a Turai da Amurka tun suna ƙanana suke fara saninsa, ta hanyar katun ko wasan makaranta a hutun ƙarshen shekara, shi ya sa ake lissafa shi cikin labaran yara. Sai dai tarihin rubuta shi ya nuna cewa manya ne Dickens ya yi wa magana, musamman masu hannu da shuni, kuma abin da ya tsaya masa a rai shi ne halin da 'ya'yan talakawa ke ciki a ƙasar da ta fi kowace ƙasa arzikin masana'antu a wancan zamani.

An haifi Dickens ranar 7 ga Fabrairu, 1812, a garin Portsmouth, mahaifinsa John Dickens kuwa akawu ne a ofishin biyan albashi na sojojin ruwa, mutum mai kashe fiye da abin da yake samu. A shekarar 1824 bashi ya yi wa mahaifin katutu, aka tsare shi a Marshalsea, wani kurkuku a Landan da ake kulle waɗanda suka gaza biyan bashi har sai sun biya, matarsa da ƙananan 'ya'yansa kuma suka bi shi suka zauna a ciki kamar yadda aka saba a lokacin. Shi kuwa Charles, yana ɗan shekara 12, aka sa shi aiki a ma'aikatar man goge takalma ta Warren da ke bakin kogin Thames, inda yake wuni yana manna takardun shaida a jikin kwalaben mai, ana biyansa sule shida a mako. Ya ɓoye wannan zamani na rayuwarsa ga jama'a har ya bar duniya, amma tabonsa ya fito a kusan duk abin da ya rubuta, domin yaron da aka yasar ya zama hali mai yawan dawowa a littattafansa, daga Oliver Twist har zuwa David Copperfield.

Abubuwa uku ne suka haɗu a shekarar 1843 suka haifar da littafin. Na farko shi ne rahoto na biyu na hukumar da gwamnati ta kafa domin binciken aikin da ake sa yara, wanda ya fito a farkon shekarar, ya bayyana yadda ƙananan yara ke wuni cikin masana'antu ba karatu ba hutu. Rahoton ya girgiza Dickens, har ya sanar da Dakta Southwood Smith, ɗaya daga cikin mambobin hukumar, cewa zai rubuta ƙasida ta kira ga jama'a a madadin ɗan talaka, daga baya ya fasa, yana mai cewa ya samo hanyar da za ta fi ƙasida tasiri nesa ba kusa ba. Na biyu shi ne ziyarar da ya kai a watan Satumba wata makaranta a unguwar Field Lane a Landan, irin makarantun da masu taimako ke buɗewa kyauta domin yaran titi masu yawo cikin tsumma. Na uku kuwa shi ne jawabin da ya yi a Manchester ranar 5 ga Oktoba, inda ya yi magana kan muhimmancin ilimi ga ma'aikata. Ban da waɗannan akwai matsin aljihu, domin littafinsa Martin Chuzzlewit, wanda ake fitarwa kashi-kashi duk wata, bai samu kasuwa yadda aka zata ba, matarsa Catherine kuma tana ɗauke da cikin ɗansu na biyar.

Cikin kimanin mako shida ya kammala rubutun. Kamfanin Chapman da Hall ne ya buga, amma Dickens ne ya ɗauki nauyin kuɗin bugu, ya nace a yi wa littafin bango mai kyau, a shafa ruwan zinariya a gefen shafuka, a kuma sa zane takwas na John Leech, huɗu daga ciki an yi musu launi da hannu. Aka sa farashi sule biyar, kwafi 6,000 na bugun farko suka ƙare kafin ranar Kirsimeti, amma tsadar bugun ta cinye ribar, ya samu fam 230 a maimakon kusan fam 1,000 da ya sa rai.

Labarin kansa an kasa shi kashi biyar. Ebenezer Scrooge tsohon ɗan kasuwa ne marowaci, wanda akawunsa Bob Cratchit ke karɓar sule 15 a mako yana ciyar da mata da 'ya'ya shida. Dickens ya nuna rowar ta hanyar abu ƙarami: a tsakiyar hunturu, akwatin kwal yana ɗakin maigida, wutar akawu ba ta wuce ƙwayar garwashi ɗaya ba, kuma da yake ba shi da ikon ƙarawa, sai ya naɗe wuyansa da mayafi ya riƙa ɗumama hannuwansa a kan kyandir. Da wasu mutane biyu suka zo neman gudummawa domin matalauta a jajiberin Kirsimeti, Scrooge ya tambaye su ko gidajen yari da gidajen aikin matalauta sun daina aiki ne, da aka ce masa wasu sun gwammace mutuwa da shiga can, sai ya amsa da cewa gara su mutu a rage yawan jama'a. A wannan dare fatalwar abokin kasuwancinsa Jacob Marley, wanda ya rasu shekara bakwai da suka wuce, ta zo masa tana jan wata doguwar sarƙa da aka ƙera da akwatunan kuɗi, da makullai, da kwaɗi, da littattafan lissafi, ta gargaɗe shi cewa tasa sarƙar ta fi wannan nauyi, kuma ruhohi uku za su ziyarce shi. Na farko ya mayar da shi ƙuruciyarsa, na biyu ya zagaya da shi gidajen mutane a ranar bikin, ciki har da gidan Cratchit inda ƙaramin ɗansa Tim ke tafiya da sanda saboda rashin lafiya, na uku kuma ya nuna masa ranar mutuwarsa, lokacin da mai wankinsa da mai yi masa shara suke sayar wa dillalin tsofaffin kaya labulen gadonsa da rigar da aka so a binne shi da ita. Da gari ya waye ya farka wani mutum dabam, ya aika wa iyalin Cratchit ƙaton talo-talo ba tare da ya bayyana sunansa ba, ya ƙara wa akawun albashi, ya kuma zame wa Tim kamar uba.

Mai karatu na 1843 ya san inda maganganun Scrooge suka dosa. Gidajen aikin matalauta da ya ambata su ne ginshiƙin Dokar Matalauta ta 1834, wadda ta tanadi cewa mai ƙarfi a jika ba zai samu taimakon hukuma ba sai ya shiga wani gida na musamman inda ake raba miji da mata, a raba iyaye da 'ya'ya, a kuma tsananta rayuwa da gangan domin kada kowa ya yi sha'awar zuwa. Batun rage yawan jama'a kuwa yana komawa ne ga ra'ayin Thomas Malthus, masanin tattalin arziki wanda ya yi hasashe a 1798 cewa yawan mutane zai riƙa zarce yawan abinci. Dickens ya ɗauki wannan ra'ayi da masu ilimi ke tattaunawa cikin natsuwa, ya sa shi a bakin marowaci, sannan ya kai marowacin gaban yaro gurgu mai suna da uwa da uba, inda ruhu na biyu ya maimaita masa kalamansa har ya sunkuyar da kai. Rowar da littafin ya yi wa hukunci ta wuce riƙe dukiya, ta haɗa da kau da kai daga sanin halin da maƙwabci ke ciki.

Jigon tuba da gyaruwa ya ginu ne a kan tunawa. Ruhu na farko bai yi wa Scrooge wa'azi ba, ya dai nuna masa kansa yana yaro shi kaɗai a makarantar kwana bayan kowa ya tafi hutu, ya nuna masa tsohon ubangidansa Fezziwig wanda ya faranta wa ma'aikatansa rai da kuɗi kaɗan, da budurwarsa Belle wadda ta rabu da shi saboda son kuɗi ya cinye zuciyarsa. Tausayin da ya fara ji wa kansa shi ne ya buɗe ƙofar tausayin wasu. Amma wurin da manufar marubucin ta fi fitowa fili shi ne ƙarshen kashi na uku, inda ruhu na biyu ya ɗaga rigarsa, yara biyu ramammu masu ban tsoro suka bayyana, namiji sunansa Jahilci, mace sunanta Rashi. Ruhun ya ce 'ya'yan ɗan Adam ne, ya yi gargaɗi a kan su biyun, ya kuma fi tsananta gargaɗin a kan namijin. Waɗannan su ne yaran rahoton hukuma da yaran Field Lane, kuma saƙon shi ne al'ummar da ta bar 'ya'yanta ba ilimi tana haƙa wa kanta rami. Daga baya marubuci George Orwell, a maƙalarsa ta 1940, ya lura cewa sukar Dickens ta ɗabi'a ce, yana neman sauyin zuciya fiye da sauyin tsarin mulki da tattalin arziki. Wannan magana tana da tushe, domin abin da ya ceci Tim shi ne alherin mutum ɗaya, amma Jahilci da Rashi ba wanda ya cece su har labarin ya ƙare, kuma da alama da gangan aka bar wa mai karatu nauyinsu.

Juya labarin ya fara ne tun tawada ba ta bushe ba. A watan Janairun 1844 wata mujalla mai araha, Parley's Illuminated Library, ta buga shi a taƙaice ba da izini ba, Dickens ya kai ƙara ya yi nasara, amma masu satar suka ce sun karye, ya tashi da asarar fam 700 na kuɗin shari'a. Kafin ƙarshen Fabrairu gidajen wasa takwas a Landan suna nuna shi, kuma wanda Edward Stirling ya tsara ne ya samu amincewar marubucin. Shi kansa Dickens ya shiga sahun masu juyawa, domin a Disambar 1853 ya karanta labarin a bainar jama'a a babban zauren birnin Birmingham, yana sauya murya daga wannan hali zuwa wancan, kuma ya nemi a ware dare guda domin ma'aikata a farashi mai sauƙi. Daga 1858 ya mayar da karatun sana'a, ya zagaya Birtaniya, ya je Amurka a 1867 zuwa 1868, ya riƙa rage tsawon rubutun domin ya dace da dandamali. Karatunsa na ƙarshe ya yi shi ne a Landan a watan Maris na 1870, ya rasu ranar 9 ga Yuni na wannan shekara, aka binne shi a majami'ar Westminster.

Da sinima ta zo, labarin yana cikin na farko da ta ɗauka. A 1901 R. W. Paul ya shirya wani ɗan gajeren fim marar sauti wanda Walter Booth ya ba da umarni, inda fatalwar Marley ita kaɗai ta yi aikin ruhohin uku. Fim ɗin kamfanin MGM na 1938 an yi shi ne domin kallon iyali, saboda haka aka cire wurare masu duhu, ciki har da Jahilci da Rashi. Na 1951, wanda Alastair Sim ya fito a matsayin Scrooge, wanda kuma masu sharhi da yawa ke ɗauka shi ne mafi inganci, ya dawo da yaran biyu, ya kuma faɗaɗa tarihin marowacin da abin da babu a littafin, wato cewa mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa, 'yar'uwarsa ma ta rasu wajen haihuwar ɗanta Fred. Da wannan ƙari aka karkata bayanin rowar zuwa raunin da ke cikin zuciyar mutum ɗaya. George C. Scott ya fito a fim ɗin talabijin na 1984, wanda shi ma bai ɓoye talaucin Landan ba, a 1988 kuma fim ɗin Scrooged ya kai labarin New York ya mayar da Scrooge shugaban tashar talabijin.

A ɓangaren yara, mai zane Carl Barks ya ƙirƙiro wa kamfanin Disney agwagwa attajiri marowaci mai suna Scrooge McDuck a 1947, kuma McDuck ɗin ne ya hau matsayin Scrooge a katun ɗin Mickey's Christmas Carol na 1983, wanda bai kai rabin sa'a ba. A 1992 'yan tsanan Muppets suka yi nasu tare da Michael Caine, cike da waƙe-waƙe da raha. Duka biyun sun riƙe fatalwowi, da Tim da sandarsa, da farin cikin safiyar Kirsimeti, amma sun bar yaran nan biyu, Jahilci da Rashi, a waje. Gajeren katun na Richard Williams na 1971, wanda ya ci lambar Oscar, da fim ɗin Robert Zemeckis na 2009, sun nuna cewa zane ma yana iya ɗaukar wannan nauyi, domin dukansu sun nuna yaran.

Manazarci Paul Davis ya nuna a littafinsa na 1990 cewa kowane zamani yana sake fasalta Scrooge gwargwadon damuwarsa, kuma a shekarun da suka gabaci Yaƙin Duniya na Farko ne labarin ya fara zama na yara. Wannan sauyi ya yi wa littafin amfani, domin shi ne ya kai shi gidaje da makarantun da rubutun asali ba zai shiga ba, kuma darasin kyauta da zumunci da yara ke koya daga gare shi darasi ne na gaskiya. Amma duk juyin da ya tsaya ga talo-talo da ƙarin albashi ya isar da rabin saƙon ne kawai. Rabin da ya rage ya shafi yaron da ke aiki a lokacin da ya kamata a ce yana aji, kuma tambayar da Dickens ya yi wa attajiran Ingila da hukumominta a 1843, game da wanda ke da alhakin ciyar da wannan yaro da ilmantar da shi, tana nan tana jiran amsa a duk ƙasar da ake samun irinsa.