Guguwar Agnes da Ambaliyar Kogin Susquehanna, 1972

A cikin guguwowin da suka taso daga teku suka faɗa wa ƙasar Amurka, wadda aka sa wa suna Agnes ba ta cikin masu ƙarfin iska. Gudun iskarta bai taɓa wuce mil 85 a awa ɗaya ba. Amma duk da haka ita ce ta yi ɓarnar dukiya wadda, har zuwa zamaninta, ba guguwar da ta taɓa yin kamarta a ƙasar. Dalilin wannan kuwa yana ga ruwan da ta zubar, da ƙasar da ya sauka a kanta.

Shi dai Kogin Susquehanna ya taso ne daga Tafkin Otsego a Jihar Niyu Yok, ya ratsa Fensilbaniya, ya faɗa mashigin teku na Chesapeake, tafiyar mil 444. Ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikinsa ta kai murabba'in mil 27,500, yawancinta kuwa tuddai ne da kwaruruka matsattsu. Saboda haka in sama ta zuba, ƙoramu ba su jinkiri wajen kai wa uwar kogi.

Agnes ta hau tudu a Filorida ranar 19 ga Yuni, 1972, ta raunana, har mutane suka ɗauka ta mutu. Sai ta sake samun ƙarfi, ta bi gaɓar teku ta yi arewa, ta haɗu da wani hadari mai sanyi, suka yi ta kewaya a kan Fensilbaniya. Ga shi kuwa ruwan makonnin da suka gabata ya riga ya ƙosar da ƙasa, ba ta da sauran wurin shanye wani. A yammacin gundumar Schuylkill an auna ruwa inci 19.

Mutanen garin Wilkes-Barre sun dogara ga ganuwar tare ruwa mai tsawon ƙafa 37, wadda aka gina bayan ambaliyar 1936, sa'ad da kogin ya kai ƙafa 33. Ranar 23 ga wata ruwa ya haye ta, kashegari ya kai kusan ƙafa 41. A Forty Fort ya tone makabarta, ya tafi da akwatunan gawa fiye da 2,000. A Harrisburg ya shiga gidan Gwamna Milton Shapp. A madatsar ruwa ta Conowingo sai da aka buɗe ƙofofi 53, watau dukansu. Mutanen da suka rasu a Amurka sun haura 120.

Da ruwa ya janye, sai ma'aikatar binciken ƙasa da ta duban yanayi suka haɗa awon ruwan sama da na tashin koguna, suka fitar da rahoto a 1975. Masu binciken teku kuma suka tarar ruwan daɗi da laka sun rage gishirin Chesapeake, har kawa da ciyayin ƙarƙashin ruwa suka mutu da yawa. Majalisa ma ta yi doka a 1973, wadda ta wajabta inshorar ambaliya ga mai neman rancen gida da ke da lamunin gwamnati a wurin da ruwa ke ci.

Abin da ya fito fili shi ne, magina sun auna ganuwarsu da ambaliya mafi girma da suka sani, alhali kuwa kogi bai yi alkawarin tsayawa inda ya tsaya dā ba. Daga baya aka ƙara wa ganuwar tsawo. A watan Satumba na 2011 guguwar Lee ta kai kogin ƙafa 42.66, ya zarce na 1972, amma ganuwar ta riƙe, Wilkes-Barre ta tsira. Maƙwabta irin su West Pittston, waɗanda ba su da ganuwa, su ruwa ya ci.